Shari'ar Alden da Jihar Maine: Doka Ta Ba Ma'aikata Haƙƙi, Kotu Ta Hana Su Nema

A shekarar 1992 wasu ma'aikatan gwamnatin jihar Maine, wadda ke can ƙuryar arewa maso gabashin Amurka a kan iyaka da Kanada, suka kai jiharsu ƙara a kotun tarayya. Aikinsu shi ne sa ido a kan masu laifin da alƙali ya bari su zauna a gida bisa sharaɗi maimakon gidan yari. Irin wannan aiki ba ya bin agogon ofis. Akwai ziyarar gidaje, akwai rahoton da za a rubuta wa kotu, kuma wanda ake sa wa ido ba ya jiran lokacin aiki kafin ya karya sharaɗinsa. Ƙorafin ma'aikatan shi ne sun yi awanni fiye da ƙa'ida, jihar kuma ba ta biya su kuɗin ƙarin awannin kamar yadda dokar tarayya ta ce ba. Ɗaya daga cikinsu, John Alden, shi ne sunansa ya hau kan shari'ar lokacin da ta isa Kotun Ƙolin Amurka.

Dokar da suka dogara da ita tsohuwa ce. Shugaba Franklin Roosevelt ya sa mata hannu a 1938, ita ce ta fara kafa mafi ƙarancin albashi a faɗin ƙasar, santi 25 a kowace awa a wancan lokaci, ta kuma iyakance awannin aikin mako, waɗanda suka tsaya a 40 daga 1940. Duk awar da ma'aikaci ya ƙara a kan 40 ɗin, sai a biya shi ladan awa ɗaya da rabi. Idan ana biyan mutum dala 20 a awa, alal misali, ya yi awa 50 a mako, to awa 10 ɗin ƙarshe kowace dala 30 ce. Wanda aka hana wannan kuɗi, dokar ta ba shi ikon zuwa kotu da kansa, ya karɓi abin da yake bi, a kuma iya ƙara masa kwatankwacinsa a matsayin diyya, mai aikin ya biya kuɗin lauya. Wannan ikon na kai ƙara shi ne haƙorin dokar.

Da farko dokar ba ta shafi ma'aikatan gwamnatocin jihohi ba. A 1966 majalisar tarayya ta shigar da ma'aikatan asibitoci da makarantun jihohi, Kotun Ƙoli ta amince da hakan a 1968. Wasu ma'aikatan lafiya na jihar Missouri suka kai jiharsu ƙara a kotun tarayya, a 1973 Kotun Ƙoli ta ce a'a, majalisa ba ta bayyana ƙarara cewa ana iya gurfanar da jiha ba. Sai majalisar ta koma ta bayyana. A gyaran 1974 ta shigar da kusan dukkan ma'aikatan jihohi da na ƙananan hukumomi, ta kuma rubuta cewa ana iya kai kowane mai aiki ƙara, har da hukumar gwamnati, a kotun tarayya ko ta jiha. A 1976 kotun ta soke wannan faɗaɗawa da ƙuri'a 5 da 4, ta ce tarayya ba za ta tsara wa jihohi albashin ma'aikatansu ba. A 1985, a shari'ar Garcia da hukumar motocin haya ta birnin San Antonio, ta juya ta warware hukuncin 1976, shi ma da 5 da 4. Don haka a ranar da ma'aikatan Maine suka shigar da ƙararsu babu shakka a kan abu biyu: dokar tana kan jihar, kuma rubutun dokar ya ba su damar zuwa kotu.

Jihar ta ce aikin waɗannan jami'ai yana cikin waɗanda dokar ta keɓe. Kotun tarayya ba ta yarda ba. Ta ce dokar ta shafe su, sai dai a lissafa su a rukunin jami'an tsaro, waɗanda awanninsu ke da wani lissafi daban, inda ƙarin awanni ke farawa bayan awa 171 a cikin kwana 28. Wannan ya rage abin da za su samu, amma ya tabbatar da cewa dokar tana tare da su. Ana cikin aikin lissafa abin da kowa yake bi sai wata shari'a da ba ta da alaƙa da albashi ko kaɗan ta faɗo musu.

Ƙabilar Seminole, ɗaya daga cikin 'yan asalin ƙasar, ta kai jihar Florida ƙara a kan batun gidajen caca, bisa wata dokar tarayya ta 1988 da ta tilasta wa jihohi su zauna su daidaita da ƙabilu. A watan Maris na 1996 Kotun Ƙoli ta yanke, da 5 da 4, cewa majalisar tarayya ba ta da ikon buɗe wa mutane ƙofar kai jiha ƙara a kotun tarayya idan ikon da ta dogara da shi irin na tsara kasuwanci ne. Dokar albashi ta 1938 kuwa a kan ikon tsara kasuwanci tsakanin jihohi aka gina ta. Nan take kotun tarayya ta Maine ta ce ba ta da sauran hurumi, ta kori ƙarar da ta shafe shekaru tana saurare. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da korar a 1997.

Abin da ya kare jihar a nan shi ake kira rigar kariya. Mai karatu a Nijeriya in ya ji an ce rigar kariya, hankalinsa zai tafi ga sashe na 308 na kundin 1999, wanda ya hana a gurfanar da shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu muddin suna kan kujera. Waccan ta mutum ce, kuma tana ƙarewa da wa'adinsa. Wadda ake magana a nan ta jihar ce kanta, a matsayinta na gwamnati, kuma ba ta da wa'adi. Asalinta daga Ingila ne, inda aka ɗauka cewa kotuna na sarki ne, ba a kuwa kai sarki ƙara a kotunsa sai da yardarsa. Lokacin da ake muhawarar amincewa da kundin tsarin mulkin Amurka, jihohi na ɗauke da bashin yaƙin neman 'yanci, suna tsoron masu bin su bashi za su ja su gaban alƙalan tarayya. Alexander Hamilton da James Madison da John Marshall, waɗanda ke cikin masu kira a amince da kundin, duk sun kwantar musu da hankali cewa hakan ba zai faru ba. Sai ga shi ya faru a 1793. Alexander Chisholm, mutumin Carolina ta Kudu, mai kula da gadon wani ɗan kasuwa da ya ba jihar Georgia kaya a lokacin yaƙi, ya kai jihar ƙara yana neman kuɗin, Kotun Ƙoli kuma ta ce tana da hurumi, da alƙalai 4 da 1. Jihohi suka tashi tsaye, aka yi wa kundin gyara na 11, wanda aka kammala amincewa da shi a 1795.

Rubutun wannan gyara gajere ne, kuma iyakarsa a fili take. Ya ce ikon kotunan tarayya bai kai ga ƙarar da ɗan wata jiha ko ɗan wata ƙasa ya shigar a kan jiha ba. Bai ambaci ɗan jihar da ya kai jiharsa ƙara ba, bai kuma ce komai a kan kotunan jihohi ba. A 1890, a shari'ar Hans da Louisiana, kotun ta faɗaɗa shi ya haɗa da ɗan jihar kansa. Amma har zuwa 1996 maganar duk a kan kotun tarayya take. Shi ya sa ma'aikatan Maine suka ga akwai sauran hanya. Dokar 1974 ta ce kotun tarayya ko ta jiha. An rufe ta farko, sai suka nufi ta biyu, suka sake shigar da ƙarar a kotun jihar Maine.

A nan ma jihar ta ɗaga rigar kariya. Kotun farko ta kori ƙarar, babbar kotun Maine ta tabbatar da hakan a 1998. A wannan shekarar kuma babbar kotun jihar Arkansas ta yanke akasin haka a wata shari'a mai kama da ita, ta ce ma'aikatan jiha suna iya neman haƙƙinsu na dokar tarayya a kotun jiha. Wannan saɓani ne ya sa Kotun Ƙoli ta karɓi maganar. Gwamnatin tarayya ta shigo ta tsaya a ɓangaren ma'aikatan don kare dokarta. An saurari lauyoyi a watan Maris na 1999, aka yanke hukunci ranar 23 ga Yuni. Alƙalai biyar, wato Anthony Kennedy wanda ya rubuta hukuncin, da Alƙalin Alƙalai William Rehnquist, da Sandra Day O'Connor, da Antonin Scalia, da Clarence Thomas, suka ba jihar gaskiya. Huɗu suka ƙi: David Souter, da John Paul Stevens, da Ruth Bader Ginsburg, da Stephen Breyer.

Mai Shari'a Kennedy ya san rubutun gyara na 11 ba zai kai shi inda yake so ba, don haka bai dogara da shi ba. Ya ce kariyar jihohi ba daga wannan gyara ta samo asali ba, ta riga shi, tana cikin mulkin kan da jihohi suke da shi tun kafin su haɗu su kafa tarayya, kuma ba su sarayar da ita ba da suka shiga. Gyaran ya zo ne kawai ya gyara kuskuren 1793. Shirun da kundin ya yi a kan kotunan jihohi, a ganinsa, hujja ce gare shi: babu wanda ya taɓa tunanin za a iya tilasta wa jiha ta tsaya gaban kotunta, shi ya sa ba a ga buƙatar rubutawa ba. Daga nan ya kawo dalilai biyu. Na farko martaba. Jiha ba kamfani ba ce ko lardi, abokiyar mulki ce, kuma cin fuska ne a bar wani mutum ya ja ta gaban alƙali ba da yardarta ba, balle a ce kotunanta ne tarayya za ta juya su zama makami a kanta. Na biyu baitulmali. Idan kowa zai iya samun hukuncin diyya a kan jiha, to alƙalai da masu ƙara ne za su riƙa raba kuɗin jama'a, alhali zaɓaɓɓun wakilai ne ya kamata su auna tsakanin makaranta da asibiti da hanya.

Ya kuma nanata cewa hukuncin bai 'yanta jiha daga bin doka ba. Dokar 1938 tana nan a kan Maine. Ya ce kotu ba za ta ɗauka cewa jihohi za su ƙi mutunta dokar tarayya ba, kyakkyawar niyyarsu tabbaci ne mai muhimmanci. Sannan ya lissafa ƙofofin da suka rage. Jiha na iya yarda da kanta a kai ta ƙara. Gwamnatin tarayya na iya kai jiha ƙara. Majalisa na iya cire kariyar idan tana aiwatar da gyara na 14, wanda ya zo bayan yaƙin basasa don hana jihohi nuna bambanci. Birane da ƙananan hukumomi ba su da kariyar. Ana kuma iya kai jami'in jiha ƙara don a hana shi ci gaba da karya doka. A ƙarshe ya yi wa gwamnatin tarayya gugar zana: ta zo tana cewa biyan waɗannan ma'aikata yana da muhimmancin da zai sa a tuɓe wa jiha rigarta, amma ko lauya ɗaya ba ta aika Maine ya shigar da ƙarar da doka ta ba ta ikon shigarwa ba.

Mai Shari'a Souter ya bi tarihin da masu rinjaye suka kawo ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna cewa a zamanin kafa ƙasar ba a haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba. Yankunan da suka zama jihohi ba su da mulkin kai a ƙarƙashin Ingila, sarki ne mai kariya, su ba su da ita, wasu ma takardun kafa su sun ce ana iya kai su ƙara. Waɗanda suka yarda da kariyar kuwa, yawancinsu sun ɗauke ta a matsayin ƙa'idar da aka gada daga shari'ar Ingila, wadda majalisa ke iya canzawa. Ko a bisa tunanin Ingilan, kariyar ta wanda ya kafa dokar ce: sarki ba ya amsa ƙara a kan dokar da shi ya yi. To dokar albashi ba Maine ce ta yi ta ba, tarayya ce, kuma kundin ya ce dokar tarayya tana sama da ta jiha, alƙalan jihohi dole su bi ta. Game da martaba, ya ce wannan tunani ne na sarauta, bai dace da jamhuriyar da aka gina a kan cewa mulki na jama'a ne, gwamnati kuma tana ƙarƙashin doka ba. Ya tuna musu tsohuwar ƙa'idar da John Marshall kansa ya jaddada a 1803 yana Alƙalin Alƙalai, cewa inda akwai haƙƙi dole a sami hanyar ƙwato shi. Game da maganar gwamnatin tarayya ta kai ƙara, ya ce ma'aikatan jihohi 50 sun kai kimanin miliyan 4.7, babu yadda lauyoyin Ma'aikatar Ƙwadago za su wadatar da su, kuma saboda sanin haka ne majalisa ta ba ma'aikaci ikon zuwa kotu da kansa.

A ganina Souter ne ke kan gaskiya, kuma ba sai an zurfafa a tarihin ƙarni na 18 kafin a ga haka ba. Ya isa a bi ƙofofin da Kennedy ya lissafa a ga wacce Alden da abokan aikinsa za su iya shiga.

Yardar jiha: ai Maine ce ta ƙi, shi ya sa aka zo nan. Ma'aikatan sun ma nuna cewa jihar ta yarda a kai ta ƙara a kan wasu haƙƙoƙin albashi na dokokinta, amma ta ƙi a kan na tarayya. Kotun ta ce wannan zaɓi ne da mai kariya yake da shi. Gyara na 14: dokar ƙarin awanni ba a kansa aka gina ta ba. Birane da ƙananan hukumomi: su ma'aikatan jiha ne. Wannan ma shi ne wurin da rashin adalcin ya fi fitowa. Ma'aikacin birnin Portland da ke Maine da ma'aikacin jihar Maine suna iya zama a unguwa ɗaya, dokar tarayya ɗaya ta ba su haƙƙi ɗaya, a hana su duka biyun, ɗaya ya je kotu ya karɓi kuɗinsa, ɗayan a ce masa kotu ba ta da hurumi. Kai jami'in jiha ƙara, hanyar da aka buɗe tun 1908: tana aiki ne don hana laifin gaba, ba ta fitar da kuɗin baya daga baitulmali, abin da waɗannan mutane ke nema kuwa kuɗin baya ne. Bayan haka, a dokar 1938 sakataren ƙwadago ne aka ba ikon neman umarnin kotu na hana mai aiki ci gaba da tauye kuɗin ƙarin awanni, ma'aikaci ba shi da wannan ikon. Saura ƙofa ɗaya, ƙarar gwamnatin tarayya. Ita kuwa ba a hannun ma'aikaci take ba. Ba shi ne zai yanke a shigar ko kada a shigar ba, kuma ma'aikatar da ke da 'yan lauyoyi da dubban ƙorafe-ƙorafe dole ta zaɓa. Gugar zanar da Kennedy ya yi wa gwamnatin tarayya ta tabbatar da maganar Souter: a wannan shari'a da ta kai har Kotun Ƙoli ma ba a aiko lauya ba, ina ga ta mai goge-goge a wani asibitin jiha da babu wanda ya san da ita?

Maganar kyakkyawar niyya ita ta fi damuna. Gaskiya ne Maine ta gyara yadda take biya bayan an fara shari'ar, hukuncin ma ya ambaci haka. Amma ta gyara ne a lokacin da take fuskantar ƙarar da za ta iya jawo mata biyan kuɗi ninki biyu. Abin da hukuncin ya cire ke nan. Gwamnatin jiha a nan mai ɗaukar aiki ce, tana da kasafin da take son ta rage, kuma kuɗin ƙarin awanni yana cikin abin da ake fara dubawa idan kuɗi ya yi ƙaranci. A ce haƙƙin ma'aikaci ya rataya a kan niyyar wanda zai amfana da hana shi, wannan ba wa kura ajiyar nama ne, ko da kuwa shugabannin jihar mutanen kirki ne.

Hujjar baitulmali tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Hukuncin diyya mai yawa yana iya girgiza kasafin ƙaramar jiha, kuma Maine a wancan lokaci mutanenta ba su wuce miliyan 1.3 ba. Amma albashin aikin da aka riga aka yi ba kyauta ba ce da wakilai za su auna da gina hanya. Jihar ta riga ta ci gajiyar awannin. Idan ba ta biya ba, ma'anarsa ita ce wasu 'yan ma'aikata ne suka ɗauki nauyin wani ɓangare na hidimar jama'a daga aljihunsu, maimakon a raba shi a kan duk masu biyan haraji. Ingila da aka gado ƙa'idar daga gare ta, tun 1947 ta yi dokar da ta buɗe hanyar kai gwamnati ƙara kusan kamar kowa. A Nijeriya ma, wadda ta gaji wannan shari'a ta Ingila, kundin 1979 da na 1999 sun ba kotuna ikon sauraren ƙara tsakanin mutum da gwamnati, kuma tun gyaran 2010 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin rikicin aiki, har da na ma'aikatan jihohi. Matsalar Nijeriya ta wani wajen ce: bayan an ci shari'a, dokar aiwatar da hukunci ta ce sai Antoni Janar ya yarda kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati. Ma'aikacin Maine an hana shi shiga kotu, na Nijeriya yana shiga amma sai ya nemi izinin lauyan wanda ya kayar kafin ya karɓi kuɗinsa.

Hukuncin Alden bai zo shi kaɗai ba. A shekarun da suka biyo baya alƙalan nan biyar suka koma kan ƙofar gyara na 14 suka ƙuntata ta. A 2000, a shari'ar Kimel, malamai da ma'aikatan jami'o'in jihar Florida da suka ce an nuna musu bambanci saboda shekaru sun ji cewa ba za su iya neman diyya daga jiha ba a ƙarƙashin dokar 1967 mai kare waɗanda suka kai shekara 40. A 2001 aka zo kan Patricia Garrett, babbar ma'aikaciyar jinya a asibitin Jami'ar Alabama da ke Birmingham. Ta kamu da sankarar mama, ta yi jinya, da ta dawo aka ce sai ta sauka daga muƙaminta zuwa wani mai ƙarancin albashi. Ta kai ƙara bisa dokar kare naƙasassu ta 1990, kotun ta ce majalisa ba ta tara isasshiyar shaidar cewa jihohi suna nuna wa naƙasassu bambanci a wajen aiki ba, don haka kariyar tana nan. Da ma a kamfani take aiki, da an saurari ƙararta ba tare da wannan gardama ba.

Daga nan layin ya fara karkacewa. A 2003 William Hibbs, ma'aikacin jihar Nevada da ya ɗauki hutu don jinyar matarsa, ya yi nasarar samun damar kai ƙara da ƙuri'a 6 da 3, Rehnquist da kansa ya rubuta hukuncin. Dalili shi ne dokar hutun iyali ta 1993, mai ba da mako 12, an yi ta ne don yaƙar tunanin cewa jinya aikin mata ne, bambancin jinsi kuwa yana cikin abin da gyara na 14 ya tsananta a kai. Daniel Coleman, ma'aikacin kotunan jihar Maryland, ya nemi hutu a ƙarƙashin wannan dokar dai don rashin lafiyar kansa, a 2012 aka ce shi ba zai iya neman diyya ba. Doka ɗaya, mako 12 ɗaya, mai jinyar matarsa yana da kotu, mai jinyar kansa ba shi da ita. Sai a 2022 aka sake samun wata ɓaraka. Le Roy Torres, ɗan sandan jihar Texas kuma sojan ko-ta-kwana, an tura shi Iraƙi a 2007, ya dawo da ciwon huhu daga hayaƙin ramukan ƙona shara na sansanin soja. Ya nemi a ba shi wani aikin da lafiyarsa za ta ɗauka, jihar ta ƙi, ta kuma ɗaga rigar kariya da ya kai ta ƙara. Kotun Ƙoli ta ba shi damar ci gaba da 5 da 4, ta ce a kan batun kafa runduna da kula da ita jihohi sun sarayar da kariyarsu tun ranar da suka shiga tarayya. Breyer, wanda yake cikin huɗun da suka sha kaye a 1999, shi ya rubuta. Amma hukuncin bai taɓa Alden ba, ya dai keɓe sojoji.

Wasu jihohi sun ga abin bai yi musu daɗi ba suka gyara da kansu. Minnesota da Carolina ta Arewa a 2001, da Illinois daga baya, sun yi dokokin da suka yarda ma'aikatansu su kai su ƙara a kan waɗannan dokokin tarayya, har da ta ƙarin awanni. Wannan abin yabo ne, kuma masu goyon bayan Kennedy suna nuna shi a matsayin shaidar cewa tsarin yana aiki, siyasa ta gyara abin da kotu ta bari. Ni dai abin da nake gani a ciki shi ne haƙƙin da majalisar ƙasa ta ba kowa a 1974 ya koma ya danganta da jihar da mutum yake aiki, da kuma majalisar da ke ci a lokacin, domin dokar da wata majalisa ta yi wata tana iya sokewa. A jihar da ba ta yi irin wannan doka ba, ma'aikacin da aka hana kuɗin ƙarin awanninsa sai ya duba ko dokar jiharsa ko yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadagonsa ta tanadar masa wani abu. In babu, sai ya kai kuka Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya ya jira ta ga dama, kuma dokar ta ba da shekara 2 ne kawai a shigar da ƙara, ko 3 idan da gangan aka hana shi, kafin bashin ya faɗi.